Zance a Kan Kakana, Mai Fito a Giris

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya gudanar da koguna bisa ƙasa, ya hore wa bayinsa itace yana ɗaukar su bisa ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai duba wannan takarda, ko kai almajiri ne mai yawon neman karatu, ko ɗan kasuwa mai bin kasuwannin bakin kogi, nufina in ba ka labarin kakana, mahaifin mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama. Karatunsa bai wuce abin da zai tsai da salla da shi ba, bai tara dukiya ba, bai kuma riƙe sarautar kowa ba. Ɗan fito ne a Giris ta ƙasar Illo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, kuma mutane ba su kiransa da kome sai Mai Jirgi. Abin da ya sa na fuskance ku da zancensa, ku biyun nan ne kuka fi kowa shiga jirgin wani. Almajiri yakan zo mashigi ba shi da kuɗin fito, ɗan kasuwa kuwa yakan zo da kayan da suka fi ƙarfin jirgi. Kakana ya ƙare rayuwarsa yana ce wa na farko shiga, yana ce wa na biyu rage.

Ka sani, Allah ya datar da mu da kai, kogin Kwara ta wannan kusurwa tamu yake shigowa Nijeriya. Yana barin Gaya a hagunsa, Malanbil a damansa, ya gangaro ta Dole Kaina da Lolo, ya wuce Giris, sa'an nan gulbin Kabi ya taho daga arewa ya zuba cikinsa, su nufi Yawuri tare. Giris ita ce mashigin Illo tun zamanin fatake, sa'ad da ayarin Kano da na Sakkwato ke ƙetarewa da jakunansu, ɗauke da kanwa da tufafi, su bi ta Kandi da Jugu zuwa Gwanja, su komo da goro. A shekarar 1898 ta Miladiyya, Ingila da Faransa suka zauna a birnin Faris suka raba wannan ƙasa bisa takarda, suka rubuta cewa iyakarsu za ta faɗa kogi mil 10 sama da Giris. Ba a kira mutumin Giris ko ɗaya wurin zaman ba. Da wannan rubutu na sama suka zama mutanen Dahome, ƙasar da aka sake wa suna Benin a 1975, na ƙasa kuwa suka zama mutanen Nijeriya, alhali kuwa kakanninsu ɗaya ne, maƙabartarsu ma wani wuri ɗaya ce. Mahaifiyar kakana Badandiya ce daga wancan ɓangare, ƙanwarsa kuma a Madekali ta yi aure. Yana jin Hausa da Dandanci kamar junansu, yana kuma iya ciniki da Fulatanci. In an yi zancen iyaka gabansa yakan ce ya daɗe yana duban ruwan nan bai ga layin ba tukuna. Duk da haka in ma'aikacin kwastan ko jandarma ya ɗaga masa hannu, sai ya karkata jirgi zuwa gaɓa ba da gardama ba.

Bai san shekarar haihuwarsa ba. Abin da ya riƙe shi ne an yaye shi a shekarun fara, kuma ranar da aka ba Nijeriya mulkin kai a 1960 yana da 'ya'ya uku. Kawunsa ne ya sa shi cikin jirgi tun bai isa kaciya ba, aikinsa kwarfar ruwa da ƙwarya. Ya shekara yana kwarfa kafin a miƙa masa filafili, ya kuma daɗe da filafili kafin a bar shi ya tsaya a ƙarshen jirgi da gwangwala, domin wanda ya tsaya nan shi ne ya ɗauki ran kowa a hannunsa. Wannan tarbiyya irin ta makarantar allo ce, ba a biya wa yaro na gaba sai ya wanke na baya.

Daga gare shi na ji cewa Kwara sau biyu take cika a shekara, kuma kowace cika da halinta. Ta farko farin ruwa, wanda ke zuwa da damina daga ruwan saman ƙasashen nan namu, mai laka, mai gaggawa, mai ɗauko itatuwa da ciyawa. Ta biyu baƙin ruwa, wanda ke isowa cikin sanyi, sa'ad da hazo ya rufe gari, babu ko ɗigon ruwa daga sama. Mutumin tudu yakan yi mamakin kogin da ke cika da rani. Sirrin abin shi ne wannan ruwa tun damina ya sauka a tsaunukan Gini, ya shiga fadamun Masina cikin ƙasar Mali ya bazu, ya yi watanni yana tafiya sannu, lakarsa ta kwanta a can, sa'an nan ya iso mana garau, yana duhu don zurfinsa. Kogin da tsawonsa ya zarce kilomita 4,000 ke nan. Kakana bai taɓa zuwa Masina ba, amma yakan ɗebi baƙin ruwa a tafin hannu ya ce wannan baƙo ne daga nesa, a gaishe shi. Ya san inda fuskar ruwa ke yamutsewa akwai yashi kusa, inda ta yi sumul tana juyawa akwai rami. Ya san wuraren da dorina ke ajiye 'ya'yanta, yana kewaye su ko da tafiya za ta ƙaru. In hadari ya haɗo daga gabas, ya gane wanda zai watse da wanda zai zo da iska, kuma ga na biyun ba ya barin gaɓa ko sarki ne ke jira.

Kada ka zaci neman abinci kaɗai ya riƙe shi a ruwa. Mutumin nan son jirgi yake yi, irin son da mahayi ke yi wa doki. In kaka ta yi, an gama aikin gona, sai ya ɗaure kaya ya gangara Yawuri da gishirin Foga da bandar kifi, ya komo da albasa, yana tura jirgi da gwangwala kwana da kwanaki gaba da ruwa, yana kwana a tungayen Sarkawa. Yana da wasu buhuna da ya farke ya ɗinke su wuri ɗaya, in iska ta yi daidai sai ya ɗaga su bisa gora, ya zauna ya miƙe ƙafa jirgi na tafiya da kansa. Kakata ta ce ba ta taɓa ganin haƙoransa waje kamar ranar da ya fara gwada wannan dabara ba. Ya taɓa kaiwa har duwatsun tsohuwar Busa, inda jirgin Bature Mungo Park ya halaka a 1806. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye Busa da waɗannan duwatsu, aka tayar da mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu, sai ya shirya tafiya musamman don ya ga tafkin. Ya komo ba da murna ba. Ya ce ya ga igiyar ruwa irin wadda jiragenmu ba su saba da ita ba, kuma a ƙarƙashin ruwan akwai itatuwa a tsaye waɗanda ba a sare ba, suna jiran cikin jirgi.

To, yanzu ga abin da na gina wannan zance dominsa. Jirage biyu gare shi, babba na katako wanda ya saya daga masassaƙan kudu, da ƙaramin kwalekwale na maɗaci, sassaƙar itace guda. A jikin kowannensu, ta waje, kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, ya sa gizago ya yi wata tsaga doguwa, yana kiranta shaida. Sa'ad da ake lodi ba ya duban fuskar masu shiga, ba ya ƙidayar buhuna, shaida kaɗai yake duba. Da zarar ruwa ya taɓa ta sai ya ɗaga hannu ya ce, "Jirgi ya ƙoshi." Daga nan ko tunkiya ba ta ƙara shiga. In an matsa masa yakan ce wanda ya ƙoshi ba a yi mai ɗura.

Wata ranar kasuwar Lolo, ina yaro ina riƙe masa igiya, wani attajiri ya iso a makare da buhunan gero, ya tarar ruwa ya kusa shaida. A cikin jirgin akwai almajirai uku da allunansu, waɗanda kakana ya riga ya ce su shiga ba da ko kwabo ba. Attajirin ya fara da lallashi, ya ce, "Baba, buhu huɗu ne kawai, ga ruwa kwance kamar tabarma." Kakana ya ce, "Alhaji, jirgi ya ƙoshi." Ya ce zai ninka kuɗin fito. Aka ba shi amsar farko. Sa'an nan ya duba yaran nan ya ce to a sauke waɗanda ba su biya ba, a ɗora kayansa a gurbinsu, tun da nauyinsu ya yi kusa. Na ga almajiran sun fara tattara allunansu, domin sun saba a tashe su. Kakana ya sa gwangwala ya tare su, ya ce, "Ku zauna. Su na riga na ce ma shiga, kai ban ce maka ba." Ya tura jirgi.

Kana jiran in ce maka attajirin ya shiga wani jirgi ya nutse. Bai nutse ba. Ya sami wani ɗan fito ya ɗora masa buhunan nan huɗu bisa lodin da ya riga ya yi yawa, ruwa na lasar bakin jirgi, suka ƙetare lafiya lau, har suka riga mu isa. Ya tsaya bisa gaɓa yana dariya, yana nuna wa mutane tsohon da ya ƙi kuɗi. Tun daga ranar bai sake shiga jirginmu ba, ya kuma janye abokan cinikinsa. Wannan shi ne wahalar al'amarin, ya ɗan'uwa, kuma shi ya sa ɗabi'ar cika lodi ba ta mutuwa. Mai ƙetare haddi a ruwa yawanci yakan isa lafiya, ya isa yau, ya isa gobe, har ya ɗauka gwaninta ce, jama'a su ma su ɗauka haka. Mai tsayawa ga haddi kuwa ba shi da abin nunawa, domin mutanen da ba su nutse ba ba su san an cece su ba, balle su gode. Kakana ya shekara hamsin da ɗoriya a ruwa, ba a taɓa yin makoki a gidan kowa saboda jirginsa ba, kuma abin da ya samu a kan wannan shi ne sunan mai taurin kai.

Ya kai almajiri, in karatunka ya kai Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, za ka tarar da mas'alar mai jirgi cikin zancen ijara. Hukuncin da ke wurin shi ne mai jirgi ba ya cancantar kuɗinsa sai ya isar da abin da ya ɗauka, kuma ba a ɗora masa lamunin abin da ya halaka. Malamai masu sharhi sun bayyana cewa ɗauke lamunin nan ga wanda bai yi ta'adi ko sakaci ba ne. Kakana bai karanta Risala ba, amma ban taɓa ganin ya karɓi kuɗin fito a gaɓar tashi ba. Sai ƙafar mutum ta taka ƙasa a ƙetare yake miƙa hannu. Da na dawo daga karatu a Gwandu na gaya masa abin da yake yi yana cikin littafi, sai ya yi murmushi ya ce ashe mai littafin ya taɓa shiga jirgi. Ka duba hikimar wannan hukunci. Wanda ya karɓe kuɗinsa tun a gaɓar tashi, ribarsa tana cikin yawan waɗanda suka shiga. Wanda ba ya karɓa sai an isa, ribarsa tana cikin yawan waɗanda suka fita.

Idan ka ce, ai ajali ba ya gaba ba ya baya, wanda aka rubuta ruwa zai ci ko jirgi wofi ne sai ya ci shi, sai in ce maka gaskiya ne, babu mai musun wannan sai jahili. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali, kuma ƙaddara ba ta zama hujja ga mai sakaci. Ba mu ga ɗan kasuwar da ya bar rumfarsa a buɗe da dare ya ce abin da aka rubuta za a sata sai an sata ba. Sai ga ran mutane ne ake tuna ƙaddara. An sha faɗa wa kakana wannan magana a mashigi, amsarsa kuwa ba ta sakewa, yakan ce, "Ajali na Allah ne, lodi nawa ne."

Amma zancen aikinsa na sa kai, mutum huɗu ne ba ya karɓar kuɗinsu: almajiri, da mai naƙuda, da majinyaci, da gawa tare da masu rakiyarta. Ba wanda ya ɗora masa wannan, ba kuma ƙungiya ce ta sa shi ba. Ƙaramin kwalekwalen nan na maɗaci don haka yake ajiye shi, kullum a ɗaure kusa da gida, da filafili a ciki. Mutanen tsibirai da na tungaye sun san ƙofarsa, a kowane sashe na dare sukan buga, ya fito da fitila ba ya tambayar ko na wane gari ne, ko na wace ƙasa. Ya sha ƙetarar da mace mai doguwar naƙuda zuwa inda za a sami mota, ya zauna bakin ruwa har gari ya waye don ya ji ko ta sauka. In aka kira gayya, ko ta gyaran mashigi bayan farin ruwa ya cinye gaɓa, ko ta ɗauko azarar giginya don rufin masallaci, jirginsa ne na farko, ranar kuwa ba ya fito na kuɗi.

Mafi nauyin aikinsa shi ne neman wanda ruwa ya ci. In jirgi ya kife, ko yaro ya tafi wanka bai komo ba, shi ake kira, domin ya san inda kogi ke ajiye abin da ya ɗauka. Yakan tambayi wurin da abin ya faru da lokacinsa, ya dubi ƙarfin ruwa, ya ce a je gindin tsibiri kaza gobe da hantsi. Yakan ɗauki mayafi wankakke a jirgi don ya suturta mamaci tun kafin a kai gaɓa, kada idon mahaifiya ya faɗa bisa abin da ba za ta manta ba. In ya komo daga irin wannan aiki ba ya cin abinci, ba ya magana da kowa sai washegari. Ina ganin nan ne asalin shaidar da ya tsaga a jikin jirginsa. Wanda ya ɗago gawar yaro da hannunsa daga cikin ciyawar ruwa, kuɗin buhu huɗu ba ya ruɗinsa.

Wajibi ne in faɗi abin da masu yabon karimai suka saba tsallakewa. Alherin kakana ba shi kaɗai ya biya kuɗinsa ba. Kowace ranar gayya, da kowane daren da ya kwana bakin ruwa, da kowane attajirin da ya juya wa baya, a tukunyar kakata suke bayyana. Ita ce ta riƙe gidan da turara shinkafa da suyar kifi, kuma akwai shekarun da rumbu ya ƙare tun ba a yi shuka ba, musamman farin 1973 da na 1984, wanda ya kai har Kwara ta tsaya da gudu a Yamai cikin 1985. Takan ce masa, "Malam, mutanen gari duk 'ya'yanka ne, sai na cikin gida." Ba ya amsawa. Duk da haka in an buga ƙofa da dare, ita ce ke tashi ta kunna masa fitila. A ganina rabin ladan nan nata ne, ban kuwa ji an ambace ta ranar da ake yabonsa ba. Kuma shi kansa ba mai taushin harshe ba ne. Wani baffana ya taɓa ƙara mutum biyu bisa shaida sa'ad da aka bar masa jirgi, labari ya komo gida, kakana ya hana shi taɓa gwangwala shekara guda cur, ya mai da shi kwarfar ruwa da ƙwarya kamar yaro, alhali yana da mata.

Sa'an nan zamani ya juya. Jirage masu inji suka yawaita, abin da yake yi a yini su yi shi kafin azahar. Aka gina gadar Tuga, motoci suka ɗauke wani rabo na fito. A watan Afrilu na 1984 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa sa'ad da ake canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, kuma cikin wannan tsakani kuɗin ruwa ya koma dare. Wanda ya yarda ya ɗauki durom na fetur ya haura da shi ba fitila, yakan samu a dare ɗaya abin da ɗan fito ke samu a wata. Babu wanda ya kai kakana sanin hanyoyin bayan tsibirai, saboda haka har gida aka riƙa biyo shi. 'Ya'yansa suka so, domin shekarar yunwa ce, kuma ba na zarginsu. Ya ƙi. Hujjarsa ba doguwa ba ce, ya ce jirgin da ba a iya duba shaidarsa don duhu ba jirginsa ba ne. Amma cikin watannin nan ya ƙetarar da ƙanwarsa ta Madekali da rana tsaka don ta yi ta'aziyyar ɗan'uwansu, ya tsaya gaban ma'aikata ya gaya musu ko wace ce ita da abin da ya kawo ta, suka bar su suka wuce.

Ni yakan kira ni ɗan tudu, saboda an kai ni karatu nesa da ruwa, ya ce in na mutu a kai ni maƙabarta bisa jaki, kada jirgi ya ji kunya. Ni kuma in ce masa tsohon kada. Wasan jika da kaka ke nan, kuma cikinsa ya koya mini abin da bai koya wa 'ya'yansa da baki ba, domin su tsoronsa suke ji.

Da ambaliyar 2012 ta zo, ƙafafunsa sun riga sun gaza, idonsa ya yi hazo. Ruwa ya rufe gonakin shinkafa, ya shiga tungaye, ya shafe alamun da samari suka sani. Ya sa aka ɗauke shi aka zaunar bisa tudu bakin mashigi, masu inji na zuwa suna durƙusawa gabansa, yana gaya musu su bar tsamiyar wane a dama, kada su bi ta kan gonar wane domin akwai kututture, su ɗauko mata da yara tukuna, su bar awaki sai sahu na biyu. Kowanne in zai tashi sai ya kama hannunsa ya ce, "Kada ka cika." Kwana uku ya yi a nan. Bai daɗe bayan wannan ba, cikin sanyi, baƙin ruwa na cike, Allah ya karɓi abinsa bayan sallar asuba. Kafin azahar mashigin Giris ya cika da jirage, na Lolo da na tungaye, da waɗanda suka gangaro daga ɓangaren Benin, har wasu tsofaffin malamai suka zo waɗanda ba mu san su ba, suka ce suna almajirai ya ƙetarar da su.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ya taso daga jihar Neja zuwa Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, a tafkin Kainji, da mutum fiye da 150 da kayansu, ya tsage a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka fita da rai. Yawancinsu 'yan kasuwa ne, da mata da yara. Da labarin ya iso mana, tsofaffin Giris ba su ce kome ba sai sunan kakana. Bayan wannan ma an sake yin irinsa a wasu wurare na jihar Kabi da maƙwabtanta. Hukuma tana rarraba rigunan ceto, tana hana tafiyar dare, wannan kuwa abu ne mai kyau, ka sa rigar in an ba ka, kada girman kai ya hana ka. Sai dai hukuma ba ta tsaye a kowane mashigi. Wanda ke tsaye a nan kai ne, ya ɗan kasuwa, da buhunanka, kana duban rana kana tsoron kasuwa ta watse. Na san wannan tsoro, na san bashi ne a kanka, na san sahu na biyu yana iya cinye ribar yini. Amma ɗan fito talaka ne, kuma mafi yawansu ba su da taurin kan kakana. In ka ninka masa kuɗi zai ɗauka, in ka yi barazanar komawa ga wani zai ɗauka. Hannunka yana cikin lodin nan tare da nasa. Kai kuma almajiri, in ka ga ruwa na lasar bakin jirgi, sauka ka jira na baya, ko da kyauta aka ɗauke ka, domin malaminka ya fi son ka iso gobe.

Babban jirgin an sayar da shi aka raba gado. Ƙaramin na maɗaci ya tsage a gindi, ba ya sake hawa ruwa, sai wani Bafulatani maƙwabcinmu ya roƙa aka ba shi, ya toshe tsagar da kwalta, ya ajiye shi bakin rijiya ya zama komin shayar da shanu. Yana nan har yau a hanyar Illo, kuma in ka sunkuya ta gefen da ke duban gabas za ka ga shaidar, taƙi ɗaya ƙasa da baki.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan, ko ya kwafe shi, ya sa kakana da kakata cikin addu'arsa. Allah ya gafarta musu, ya yalwata kabarinsu, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci a Warra da sauran mashigai, da dukkan Musulmi. Amin. Tammat.